Gishiri a Shayi

Kwana uku muna Kusiri, a bakin gadar Ngeli.
'Yan duwan sun riƙe takardunmu,
albasar Marwa har ta fara tsiro a bayan mota.
Ga fitilun Injamena can ƙetaren Logon,
kusa kamar ka miƙa hannu,
nesa kamar bashin da ke hannun matsiyaci.

Hira ta ƙare, ƙarya ma ta ƙare.
Sai Baba Sanda mai shayi ya ɗaga buta sama,
ya tsiyaya har kumfa ta yi hula, ya ce:
"Ga ƙulli, ku kwance.
Amma bakina yau kalma biyu gare shi, i da a'a.
Wanda ya buƙaci ta uku, shayin kowa a wuyansa.

Wata mata ce, kowace asuba
gishiri take zuba wa mijinta a shayi.
Ya shanye, ya yi hamdala, ya kife kofi,
ita ko ta zaga bayan ɗaki ta yi kuka.
Wata bakwai ana haka.
Ran nan ya kurɓa, ya furzar,
ya ɗura mata zagi har maƙwabta suka leƙo,
sai ta rangaɗa guɗa, ta sa aka yanka zakara.
To, don me?"

Abakar mai tanka ya riga kowa: "Asiri ne?"
"A'a."
"Ƙin sa take yi?"
"A'a."
"Ba ta gani, gwangwanaye ta rikita?"
"A'a."
Gambo ya ce, "Ko tsadar sukari?" Aka sheƙe da dariya.
"A'a."
"Taɓaɓɓiya ce?"
Wannan a'ar ta fi sauran nauyi,
sai da cokali ya yi ƙara a kofi.

Muka yi ta zagaya matar
kamar kaji a gindin turmi,
kowace tambaya ta rufe ƙofa ɗaya,
ba wadda ta buɗe.
Sauro ya ci rabonsa. Gawayi ya yi toka.

Can sai Mala, yaron motata,
wanda ko gaisuwa sai an roƙe shi,
ya yi magana daga ƙarƙashin tirela:
"Shi mijin fa, lafiyarsa ƙalau?"
Baba Sanda ya juya gaba ɗaya.
"A'a."
"Yana gane zafi da sanyi?"
"I."
"Zaƙi fa?"
"A'a."

Sai zare ya zo, kamar an ja bakin buhu.
Ciwo ne ya kashe masa harshe,
yana ɓoyewa kada hankalinta ya tashi,
ita tana gwadawa, ba ta son ya san ta sani.
Hamdalarsa ce ke sa ta kuka,
zagin shi ne albishir.
Gambo ya ɗaga Mala sama, hula ta faɗi a kwata.

Ni na ɓata wasan.
Na ce, "Baba, ka san matar?"
"I."
"Kai ne mai zagin?"
Ya yi murmushi da haƙora huɗu. "I."
"Tana nan?"

Ya dubi kogi.
Wani kwalekwale na wucewa ba fitila.
Ya laluba aljihu, ya kwance 'yar leda,
ya tsinci gishiri da yatsa biyu
ya barbaɗa a nasa kofin,
ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya haɗiye.
"Ku mayar da sefarku," in ji shi,
"yau ni na faɗi."

Da hantsi aka buga mana hatimi.
Muka hau gada, albasa na wari, Mala na barci,
tambayar na nan a bakina
ba ta narke ba.